Kilo Ashirin da Uku

Sha ɗayan dare a Tumfure, an ɗauke wuta.
Na cije waya a baki tana haska mini hannu,
akwati uku sun wage baki a tsakar ɗaki
kamar 'ya'yan tsuntsu masu jiran uwa.

Ƙanin maigida ne ya jawo mana.
Shekara tara yana girki a jirgin ruwa,
ya aiko da tikiti biyar, ya ce ku zo ku ga inda nake kwana.
Kwana bakwai a kan teku,
ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

An ce kowace jaka kada ta ɗara ashirin da uku.
Na aro sikelin Malam Barde mai wake,
sikelin da bai san komai ba sai buhu,
yau ga shi yana auna kunzugu da 'yan kamfai.

Mubashshir ya sa ƙugiya da zare, wai zai kamo kifi.
Na cire. Ya mayar. Na cire.
Yanzu na tsince ta a cikin safa, ta soke ni a yatsa.
Rumana ta ce, Umma, tekun ya kai Dadin Kowa?
Na ce ya fi.
Ya kai biyu?
Na ce je ki kwanta.
Ta kwanta da takalmin sallarta a ƙafa
don kada a tafi a bar ta.

Ita kuwa auta, Dija,
duk abin da na ninke sai ta warware,
ta ɗora mini wando a ka, ta yi tafi,
da ta gaji ta shige akwatin, ta yi barci a kan atamfata.
Na ɗora su tare a sikeli: talatin da ɗaya.
Ban san wa zan rage ba.

Da magariba Inna ta zo da ƙullinta,
kilishi, dakuwa, yajin ƙuli, garin kunu.
Me mutanen ruwa suka sani na abinci?
Ɗanta ya ce ba za a bari a shiga da su ba.
Ta ce to, su ƙwace a hannunka, ba a nawa ba.
Shi dai kaftani biyu ne da caja,
tun la'asar ya gama, ga minsharinsa nan.

Maganin zazzaɓi, na amai, man zafi.
Gidan sauro fa? Akwai sauro a teku?
Babu wanda zan tambaya a wannan dare. Na sa.
Na rubuta lambata a ƙyalle uku
na ɗinke a aljihun kowa,
ina ɗinki ina karanta abin da na haddace,
allurar tana rawa, na ce duhu ne.

Sai gorar Inna.
A bakin ƙofa ta miƙo mini, ta yi ƙasa da murya,
gorar roba, babu komai a ciki, ta wanke ta tas.
An ce ruwan gishiri ne da shi.
Ki ɗebo mini, in ɗanɗana da harshena,
na gaji da ji a bakin mutane.

Ba ta da nauyi, gorar, sai cin wuri.
Na juya ta tsaye, na juya ta kwance, zif ya ƙi.
Na dubi takalmina mai tsini
da na saya musamman don a gan ni a jirgi,
na fitar da shi, na tura ƙarƙashin gado.

Na zauna a kan akwatin, ya rufu.
Ashirin da uku cif.
A lokacin aka kawo wuta,
fanka ta motsa, ladan ya gyara murya,
Rumana ta buɗe ido ɗaya ta ce, mun iso?